TAKOBIN WANI INJI A JIKIN WANI: YADDA AKE YI A JOS

Duk wanda ya san Jos ya san Kasuwar Katako da ke Laranto. Galibin katakon da ake jibgewa a can daga nesa ake kawo shi, amma masu injin yanka itace ba su rasa aiki a kan tsaunin. Akwai bishiyoyin turare waɗanda aka daddasa a filayen da haƙar kuza ta lalata, ga masu neman azara da itacen wuta, ga kuma mai gidan da bishiya ta zame wa barazana.

'Yan Arewa mazauna Kudu, daga Sabo ta Ibadan zuwa Shagamu da Safele, sukan ga injin nan da araha a hannun masu aikin daji, su saya su aika wa ƙane ko ɗa a gida domin ya sami abin yi. Sai kaya ya iso, a tarar inji na wani kamfani ne, alhali kuwa ƙarafan da ke ajiye a gida na wani ne daban. Ana nufin dogon ƙarfen nan mai faɗi wanda sarƙa ke zagayawa a kansa. Jamusawa da mutanen Suwidin takobi suke ce masa da harsunansu, sunan kuwa ya dace da shi. Tun da darajar naira ta faɗi a 1986, ta kuma sake faɗuwa warwas a 2023, babu mai jefar da takobi mai sauran rai don kawai ya sake inji.

Kamfani biyu ne suka fi suna. Akwai Stihl na Jamus, wanda Andreas Stihl ya kafa a 1926, da Husqvarna na Suwidin, wanda ya fara ƙera irin wannan inji a 1959. Kowannensu da yadda yake yanka gindin takobinsa. A gindin akwai doguwar tsaga inda ƙusoshi biyu na jikin inji suke shiga, sa'an nan a ɗaure noti. A takubban Stihl irin na MS 381 da MS 660, faɗin tsagar wajen milimita 12 ne. A manyan injinan Husqvarna, kamar 61 da 272 da 372, milimita 9 ne. Shi kuwa Stihl 070, ƙaton nan da ya cika dazuzzukan Nijeriya da Gana, tsagarsa ta kai wajen milimita 14, gindin takobinsa kuma ya fi faɗi ƙwarai, saboda haka ba a ma kawo shi cikin wannan lissafi.

Daga nan mai karatu zai gane cewa hanyar ta fi sauƙi ta fuska ɗaya. Takobin Stihl zai hau injin Husqvarna, sai dai zai yi lakwaf-lakwaf, domin akwai rarar milimita 3. Ana cike ta da ɗan ƙarfe mai huda biyu wanda ake sakawa a kan ƙusoshin. Akwai na kanti, masu injin gyaran ƙarfe kuma sukan yanka shi in an ba su awo. Amma a ɗauki takobin Husqvarna a kai shi kan Stihl, wannan sai an ci tsagar da magagari ko dutsen wuta. Ƙarfen da tauri, hannu kuwa ba ya cin gefe biyu daidai wa daida. In gefe ɗaya ya fi ciwuwa, takobi ya karkace ke nan har abada.

To, cike tsaga shi ne abin da ido ke gani, a nan kuma masu gaggawa suke tsayawa. Inda aikin yake shi ne hudar mai. A jikin inji akwai ɗan kwarmi inda famfo ke turo man sarƙa, a jikin takobi kuma akwai wata 'yar huda da ke karɓar man ta kai shi cikin hanyar sarƙa. Kamfanonin biyu ba wuri ɗaya suka sa tasu ba. In hudar ba ta zauna a kan kwarmin ba, inji zai tashi lafiya lau, zai ma yi yanka, mai kuwa yana tsiyaya ta bayan murfi yana zuba ƙasa. Kafin tanki ɗaya ya ƙare sarƙa ta yi zafi ta saki, bakin takobi ya yi shuɗi don ƙuna. Sarƙar da ke gudun wajen mita 20 cikin sakan ɗaya, in ta tsinke ko ta sauka, hannu da cinyar mai riƙe da inji ne a kusa. An yi tsimin kuɗin takobi, an kai na asibiti.

Makanikin da ya san aikinsa yakan shafa ɗan baƙin mai a kan kwarmin inji, ya manna takobi, ya cire ya duba inda tabon ya faɗa. In bai hau hudar ba, sai ya faɗaɗa ta ko ya huda sabuwa har ta tarar da hanyar sarƙa. Lalle ne kuma a yi haka ta fuska biyu, gama ana juya takobi lokaci lokaci domin ya ci daidai. Haka nan za a duba hudar da ɗan ƙarfen ɗame sarƙa ke shiga. Bayan an haɗa, a tayar da inji a nuna bakin takobi ga farin katako. In ba a ga feshin mai ba cikin ɗan lokaci, a kashe a sake kwancewa.

Saura sarƙa. Tazarar haƙoranta dole ta zo ɗaya da ta faifai mai haƙora da ke jan ta a cikin inji, da kuma na bakin takobi in yana da shi. Ta 070 lambarta .404, ta matsakaitan injina galibi 3/8, ba su kuwa shiga wa juna. Kaurin harsunan da ke gudu cikin takobi shi ma da bambanci. Stihl ya fi amfani da milimita 1.6, Husqvarna 1.5. Mai kauri ba ta shiga matsattsiyar hanya, siririya kuma a faffaɗar hanya rawa za ta riƙa yi, katako ya fito a karkace, dillalin Laranto ya rage masa kuɗi. Yawan harsunan ma yakan canja in takobi ya koma baƙon inji, don haka a ƙirga, kada a dogara da tsawon inci kawai.

Wanda ke Kudu yana shirin aika inji ko takobi gida, abin da ya fi masa shi ne ya sa a ɗora gindin tsohon takobin a kan kwali, a zana tsagar da hudojin duka, a kwafo lambobin da aka buga a jikinsa, a ba direban mota ya kawo masa, ko a ɗauki hoto a turo ta waya. Da wannan kwalin zai shiga kasuwa.