Kana Cinikin Kirifto Ko Hannun Jari A Waya? Ga Yadda Ake Lissafa Riba Da Asara A Takardar Haraji

Da yawanmu muna sayen hannun jari ko kirifto ta manhajar waya, amma ba mu taɓa tunanin hukumar haraji ba. Sabuwar dokar harajin Najeriya da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta sauya lissafin. A da ana cire kashi 10 cikin 100 ne daga irin wannan riba. Yanzu ana haɗa ta da sauran kuɗin shigarka na shekara, a caje ka daidai matakin da ka faɗa: naira 800,000 na farko babu haraji, miliyan 2.2 na gaba kashi 15, a haka har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50.

Abu na farko, koren lambar da kake gani a allon waya ba riba ba ce tukuna. Sai ranar da ka sayar ake lissafi. A ce ka sayi hannun jari na naira 200,000, ka sayar 260,000, dillali ya ci 3,000 tsakanin saye da sayarwa. Ribarka 57,000 ce, ita za ka rubuta, ba 260,000 ɗin da ta shigo asusunka ba.

Akwai sassauci ga hannun jarin kamfanonin Najeriya. Idan jimillar abin da ka sayar cikin watanni 12 bai kai miliyan 150 ba, kuma ribar ba ta wuce miliyan 10 ba, babu haraji a kai. Kusan dukkanmu muna ƙasa da wannan. Amma lura, kamfanonin Najeriya aka ce. Hannun jarin Apple ko Tesla da ka saya ta manhaja ba ya cikin wannan rangwame, haka ma Bitcoin.

Sai asara, wadda a nan ne mutane ke cutar kansu. Mutum zai ci riba a kwabo ɗaya, ya tafka asara a guda uku, sai ya ƙi waiwayar asarar don ciwonta. Alhali ita ce ke rage maka haraji. Idan ka ci 400,000 a wani ciniki ka rasa 300,000 a wani, abin da ya saura 100,000 ne. Sai dai dokar ta killace kirifto: asararsa daga ribar kirifto kaɗai ake cire ta, ba za ka rage harajin albashinka ko na shagonka da ita ba.

Duk wannan ya dogara da shaida. Ni kaina na ɗanɗana. Wata manhaja da nake amfani da ita ta rufe cinikin naira, lokacin da na je neman tarihin cinikina na baya sai na tarar rabinsa ba ya saukuwa. Na san na yi asara, amma ba ni da abin nunawa. Tun daga nan, kowane ƙarshen wata nake sauke tarihin a fayil ɗin CSV, in zuba shi a Google Sheets: ranar saye, farashi, ranar sayarwa, kuɗin dillali, da farashin dala na ranar. Hoton allo ba ya wadatarwa, ka nemi cikakken bayanin asusu.

Kada kuma ka ɗauka ba a ganinka. Dokar ta wajabta wa dandalin kirifto da ke aiki a Najeriya su riƙa miƙa bayanan ciniki da na masu asusu ga hukumar haraji.

Takardar ana kai ta ne ga hukumar tattara haraji ta jihar da kake zaune, misali KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna, kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara, kan abin da ka samu a shekarar da ta gabata. Idan cinikinka ya kai miliyoyi, kai wa akanta wannan jadawalin naka ya duba kafin ka miƙa.