Kuɗin Wutar Sola: Ina Rabon Manomi?

Duk wanda ya yi noman rani a fadama cikin 'yan shekarun nan ba ya bukatar a gaya masa abin da injin ban ruwa ke sha. Kafin ran 29 ga Mayu, 2023, watau ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai, farashin da Gwamnati ta ƙayyade wa litar fetur bai kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Shinkafa kuwa ba ruwanta da tsadar mai, in ƙishi ya kama ta sai a ba ta ruwa, in ba haka ba a yi asarar shekara. Masu injin niƙa da masu injin casa su ma kukan ke nan, sai dai nasu na man dizal ne.

Shi ya sa da aka ji labari Gwamnati ta samo kuɗi don kai wutar sola ƙauyuka, sai kowa ya miƙe kunne. Labarin gaskiya ne. A cikin 2018 Bankin Duniya ya yarda da dala miliyan 350 don wannan aiki, Bankin Raya Afirka kuma ya ƙara miliyan 200. Sa'an nan a watan Disamba na 2023 Bankin Duniya ya sake yarda da dala miliyan 750 don wani sabon shiri da ake kira DARES. Niyyar ita ce mutum miliyan 17 da rabi su sami wuta, a kuma sauke janareta fiye da 280,000 masu shan fetur da dizal. Hukumar Kai Lantarki Karkara, wadda aka fi sani da REA, ita ke riƙe da ragamar aikin. Amma ku lura, 'yan'uwa, kuɗin nan rance ne mai sauƙin ruwa, ƙasa za ta biya, watau mu da 'ya'yanmu. Saboda haka ba roƙo ba ne in manomi ya tambayi inda suka shiga.

To, ta wace hanya suke bi? Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ba a ƙirga wa manomi ko kwabo a hannu. Kamfani ne zai zo garinku, ya ƙidaya gidaje da shaguna da injuna, ya yi yarjejeniya da mutanen gari, ya nemi izni wurin hukumar da ke kula da sha'anin lantarki. Shi zai fara zuba nasa kuɗi, ya kafa farantan sola da batura, ya ja waya, ya sa mita a kowane gida. Sai an zo an duba an tabbata wuta ta shiga, sa'an nan a biya shi tallafi gwargwadon yawan gidajen da ya haɗa. Ku kuma ku riƙa sayen wuta kamar yadda kuke sayen katin waya. Amfanin tallafin shi ne ya rage wa kamfani nauyi don kada kuɗin wutar ya fi ƙarfin talaka. Don haka in wani ya zo da jaka yana karɓar kuɗin fom wai zai sa sunanku a ba ku rabonku na dala, ku kai shi gaban dagaci ya yi bayani.

Garin farko da aka kunna wa wuta ta wannan hanya shi ne Rokota, cikin ƙaramar hukumar Edati ta Jihar Neja, a watan Disamba na 2019, da tasha mai ƙarfin kilowat 64. Ƙarama ce in an gwada ta da ta Jami'ar Bayero a Kano, wadda aka buɗe a cikin 2019, mai megawat 7.1. Amma irin ta Rokota ita ce ta shafe mu.

Yanzu ga inda rabon manomi yake, kuma a ganinmu nan ne ya kamata a fi zurfafa tunani. Farantan sola da rana suke aiki. Mutanen ƙauye kuwa da dare suka fi son wuta, don fitila da fanka da cajin waya. Wutar dare dole sai an tara ta cikin batir, batir kuwa yana cikin abin da ya fi tsada a tashar duka, ga shi kuma yana tsufa, bayan 'yan shekaru sai an sake shi. Da hantsi zuwa la'asar, lokacin da farantan ke zubo wuta kamar ruwan Agusta, sau da yawa babu mai sha. Kamfanin da ke sayar da wutar kwan fitila kaɗai ba zai tara kuɗin sabon batir ba. Ran da tsohon ya mutu, gari ya koma duhu, farantai kuma su zama inuwar awaki.

Wa zai sayi wutar rana? Mai niƙa, da mai casar shinkafa, da mai matsar gyaɗa, da mai walda, da mai firijin ƙanƙara, da manomin da gonarsa ke kusa da gari. In aka cire injin dizal aka sa mota mai aiki da lantarki, mai niƙa ya huta da sayen mai da baƙin mai da yawan kiran makaniki, matan da ke zaman jiran gari kuma su huta da hayaƙi. Kamfani ya sami ciniki, tasha ta rayu. Watau dai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Garin da masu sana'arsa suka haɗa kai suka rubuta yawan injunansu da awoyin da suke aiki, ya fi saurin jawo kamfani bisa garin da ya zauna yana jiran ɗan majalisa. Wannan aiki ne da ƙungiyar manoma da malamin gona da akawun dagaci za su gama cikin mako guda.

Gonar da ke nesa da gari kuwa sai famfon sola na kanta. Kuɗin sayensa ya fi na injin fetur nesa ba kusa ba, amma daga nan ba ya shan komai. Gwamnatin Indiya a cikin 2019 ta fito da shirin da Gwamnatin tsakiya za ta biya kashi 30 cikin ɗari, ta jiha ta biya 30, manomi ya cika sauran. Sai dai akwai abin tsoro: tun da ruwa ya zama ba kuɗi, mutum na iya barin famfo yana zuba yini guda har rijiyar maƙwabci ta ja baya.

Dalilin da ya sa manyan bankunan nan ke zuba kuɗi bai tsaya kan ƙauye ba. Hayaƙin mai da ake ƙonawa yana cikin abin da ke ɗumama duniya, yana rikita damina, masana'antu kuwa suna da babban kaso a ciki. A Kano an buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso cikin 2023, a gefen masana'antun Challawa. Amma kuɗin Gwamnati kan bi iskar siyasa. A Amurka, cikin 2024 an ware dala biliyan 6 don masana'antun siminti da ƙarfe da gilashi da makamantansu su rage hayaƙi. Da mulki ya sauya, a watan Mayu na 2025 aka soke ayyuka 24 na irin wannan fanni, masu kuɗi dala biliyan 3.7. In haka ta faru a can, manomin Kura ko na Haɗejia kada ya sayar da injinsa na fetur don ya ji sanarwa a rediyo. Ya bari sai ya ga waya ta iso.

In kamfani ya zo, kafin mai gari ya sa hannu, a karanta takardar a bainar jama'a, a fassara ta da Hausa. A tambayi nawa ne kuɗin wuta, ko na rana ya fi na dare araha, ko tashar za ta iya ta da motar injin casa, wa zai sake batir in ya mutu, kwana nawa kuma mai gyara zai yi kafin ya zo. A kuma san wanda zai riƙa wanke farantan da hunturu, domin ƙurar watan Janairu in ta kwanta a kansu tana rage wuta ƙwarai, lokacin kuwa shi ne alkama da albasa suka fi bukatar ruwa.