Kunnen da Ke Sauraron Taurari

Wanda ya bi hanyar filin jirgin sama ta Abuja zai wuce hedkwatar Hukumar Binciken Sararin Samaniya, wadda aka kafa a 1999. A wurin akwai manyan faya-fayen ƙarfe da ke fuskantar sama. Aikinsu karɓar saƙo daga taurarin ɗan Adam. To, da irin wannan faifai ne masana ke sauraron taurarin Allah.

Ga yadda abin yake. Taurari ba haske kaɗai suke aikowa ba, har da igiyoyin rediyo waɗanda ido ba ya gani. Faifan yana tattara su wuri guda kamar yadda mazurari ke tara ruwa, sa'an nan na'ura ta ƙarfafa su, kwamfuta ta mai da su hoto. Igiyoyin raunana ne ƙwarai, shi ya sa ake son faifai mai faɗi. Na Jodrell Bank a Ingila, wanda aka gama a 1957, faɗinsa ƙafa 250. Na ƙasar Sin, na 2016, mita 500 ne.

Wani injiniya a Amurka, Karl Jansky, shi ya fara jin wannan shuwa a 1932, yana neman abin da ke ɓata maganar wayar iska. Ashe daga tsakiyar farar hanyar nan ta taurari take fitowa.

Mu ma da hannunmu a ciki. A 1965 wani ɗan Nijeriya, Samuel Okoye, yana karatu a Kambirij, shi da malaminsa Antony Hewish suka gano wani ɗan ƙanƙanen abu mai aiko da rediyo a sashen saman da Kaza da 'Ya'yanta take. Daga baya aka tabbatar ragowar tauraron da mutanen Sin suka ga fashewarsa a 1054 ne. Yana juyawa sau 30 cikin daƙiƙa ɗaya, saƙonsa kuwa sai ya yi shekara kamar 6,500 a hanya kafin ya iso mu. Watau abin da muke ji yau labarin da ne.

Malamai, in ɗalibi ya tambaya, ku sa shi ya kanga tafin hannu a bayan kunnensa. Zai ji sauti ya ƙaru. Asirin faifan ke nan.