Ciwon Asma: Yadda Za Ka Zauna da Shi Lafiya

Ɗan'uwa, ko kana tashi cikin dare da tari, ƙirjinka ya ɗaure, numfashinka yana fito kamar usur? Ko ɗanka yana haki da zarar ya ɗan yi gudu? Wataƙila asma ce. Karanta wannan ɗan littafi, ka kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Mene ne asma?

A cikin huhu akwai ƙananan hanyoyin iska masu rassa kamar itace. Ga mai asma, cikin hanyoyin nan yakan kumbura, majina ta taru, naman da ke kewaye da su ya tsuke. Sai iska ta rasa wurin wucewa. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne. Ba a ɗaukarta ta tari ko ta cin abinci tare, amma takan bi jini a cikin dangi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, 455,000 kuma suka mutu saboda ita.

Kada ka haɗa ta da tarin fuka. Idan tari ya wuce mako biyu, ga rama, ga zufar dare, ko jini a kaki, je a gwada kakinka.

Abubuwan da ke tayar da ita

A nan Kilomita Biyar, ka kula da waɗannan:
Jar ƙurar hanya da ta kasuwa, musamman da rani, daga Disamba zuwa Fabrairu.
Hayaƙin itace da gawayi, da na babura, da na sharar da ake ƙonawa.
Hayaƙin taba, turaren wuta, da maganin sauro mai hayaƙi.
Danshi da funfunar bango da damina.
Kyankyaso, gashin kyanwa, tsohuwar katifa.
Mura. Ga wasu kuma, aspirin ko ibuprofen.

Kowa da abin da ke tayar masa. Lura da naka, ka guje shi. A yi girki a waje ko inda iska ke ratsawa, kada a goya yaro mai asma a bakin murhu. A yayyafa ruwa kafin shara. A shanya katifa a rana. A kwana cikin gidan sauro maimakon kunna mai hayaƙi. Mai shan taba ya daina, ko don 'ya'yansa.

Magunguna iri biyu

Na farko mai buɗe ƙirji ne, sunansa salbutamol, ko Ventoline. Yawanci shuɗi ne. Yana aiki cikin 'yan mintuna, amma ba ya kawar da kumburin.

Na biyu mai tsarewa ne, kamar beclometasone. Shi ne ke kwantar da kumburin. Ana shaƙarsa kullum yadda likita ya faɗa, ko kana jin garau. Ka kurkure baki bayan ka shaƙa. Mutane da yawa sukan ajiye shi da sun ji sauƙi, sai ciwon ya dawo da ƙarfi. Idan kana buƙatar shuɗin fiye da sau biyu a mako, koma asibiti: alama ce cewa kana buƙatar mai tsarewa, ko a ƙara maka shi.

Wasu suna cewa maganin shaƙa na wanda ciwonsa ya yi tsanani ne, ko kuma jiki yakan kamu da shi kamar ƙwaya. Ba gaskiya ba ne. Ya fi na haɗiya, domin kai tsaye yake zuwa huhu. Mace mai ciki ma kada ta daina nata, gama numfashinta shi ne na jaririn.

Gorar roba tana taimako

Idan ka fesa kai tsaye a baki, mafi yawan maganin a maƙogwaro yake tsayawa. Nemi gorar ruwa ta rabin lita. Wanke ta da ruwan sabulu, ka bar ta ta bushe da kanta. Huda gindinta daidai bakin abin fesawa, yadda zai shiga ya matse. Girgiza maganin, sa bakin gorar a bakinka, fesa sau ɗaya, ka yi numfashi a hankali sau biyar. Sannan ka sake girgizawa kafin fesa na gaba. Likitocin yara a Afirka ta Kudu sun gwada wannan dabara, suka ga tana aiki. Ƙaramin yaro yana buƙatar abin rufe hanci da baki. Tambayi ma'aikacin jinya.

Idan ciwon ya tashi

Zaunar da shi tsaye, kada ya kwanta. Jama'a su ba shi iska. Babba ya shaƙi salbutamol fesa 4 zuwa 10, ɗaya bayan ɗaya, ta gora. Yaro ɗan ƙasa da shekara 6, fesa 2 zuwa 6. Ana iya maimaitawa bayan minti 20. Kada a yi masa hayaƙi ko a ɗura masa jiƙo.

Kai shi asibiti nan take idan ya kasa ƙarasa magana, ko leɓunansa sun canja launi, ko haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko yaro ya kasa shan nono, ko barci yana fizgarsa, ko maganin bai taimaka ba. Ci gaba da ba shi maganin a hanya. Kada a jira gari ya waye. Cibiyar lafiya ta Mamadou M'Baïki tana cikin unguwa, babban asibitin yara na Bangui kuma yana karɓar yara. Tun yau ka san mai babur ɗin da za ka kira da dare.

Asma ba ta da maganin da ke raba mutum da ita, amma ana iya riƙe ta. Mai asma yana noma, yana kasuwa, yana aure, yaro yana makaranta da ƙwallo. Ajiye shuɗin maganinka a aljihu, ka sayi wani kafin ya ƙare, ka riƙa zuwa ganin likita ko lafiyarka ƙalau. Numfashi baiwa ce daga Allah, mu kula da shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.