Allurar rigakafin ƙwaya: ina tamu?

Ranar da na ga tsohon ɗalibina yana tangaɗi a tasha saboda tramol, wallahi ban runtsa ba. Shi ya sa wannan labari daga Amurka ya tsaya mini a rai.

A 2022, masana a Jami'ar Houston sun sanar da nasarar gwajin allurar rigakafin fentanil, ƙwaya dangin tramol, a jikin ɓeraye. Allurar kan sa garkuwar jiki ta cafke ƙwayar cikin jini kafin ta kai ƙwaƙwalwa. Ko an sha, babu maye.

Sai dai fa kowace ƙwaya da tata allurar, ta fentanil ba ruwanta da tramol. To, kafin tamu ta iso, yaran nan suna wuyanmu, iyaye da malamai.