Babi na Bakwai: Takardar Neman Farashin Kayan Inji na Bugun 3D

A Tsohuwar Panteka ta Kaduna ciniki ba ya buƙatar takarda. Ka miƙa wa mai aiki ƙarfen da ya lalace, ya jujjuya shi a hannu, ya auna, ya ce, "Alhaji, dawo jibi." Bugun 3D ba haka yake ba. Mai injin yana iya zama a Legas ko Jamus ko Sin, bai taɓa ganin injinka ba, kuma ba zai gani ba. Takardar da ka aika masa ita ce idonsa. Duk abin da ka bari ba ka rubuta ba, zato zai yi, kuɗin zaton kuwa daga aljihunka zai fito.

Injin bugun yana gina kaya ne shimfiɗa bisa shimfiɗa, da narkakkiyar roba ko da garin ƙarfe ko na nailan da hasken leza ke narkarwa. Wani Ba'amurke, Chuck Hull, shi ya sami rajistar mallakar ɗaya daga hanyoyin farko a 1986. Yau har bakin feshin mai na injin jirgin sama kamfanin GE yana bugawa.

A ɗauki misalin fankar da ke cikin famfon ruwa, daga ƙaramin na gida zuwa manya irin na matatar ruwa ta Malali. Abu na farko da takardar ke buƙata shi ne zanen kwamfuta. Fayil ɗin STL, wanda ya fito tun 1987, shi aka fi sani, amma yana da wani aibi: lambobi kawai yake ɗauka, ba ya faɗin ma'auni. Idan ka rubuta 50 kana nufin milimita, aka karanta da inci, an sami milimita 1,270. Saboda haka a aika da fayil ɗin STEP, a kuma rubuta ma'aunin ƙarara.

A nan ne kuma ake yawan yin ɓatan kai. Mutum zai auna tsohuwar fanka wadda yashi ya cinye gefenta shekara da shekaru, ya aika da wannan awon, a buga masa sabuwa mai ɗauke da tsohon ciwo. Sai an maido da awon yadda yake tun asali. Sannan a nuna wuraren da ba su karɓar kuskure, kamar ramin da sandar famfon ke shiga. Bugun garin nailan yakan kauce da kusan milimita 0.3, don haka irin wannan rami sai an bi shi da injin yanka bayan bugu, kuma aiki ne mai kuɗinsa daban. Sauran jikin a bar shi da sauƙi. Mai neman daidaito mai tsanani ko'ina, kuɗinsa kawai yake ƙonawa.

Kada a ce "roba mai ƙarfi" ko "ƙarfe mai kyau". A kira abu da sunansa: nailan PA12, ko ƙarfen 316L da ba ya tsatsa. In ba a sani ba, a bayyana aikin: ruwa zai taɓa ko mai, wane nauyi zai ɗauka, ta wace fuska, a wane zafi. Robar PLA tana fara laushi wajen digiri 60, zafin da ƙarfen da ke kwance a ranar watan Afrilu yake iya kaiwa. Fuskar nauyin ma abin faɗa ce, domin kayan roba sun fi saurin tsagewa a tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa.

Saura kuwa lissafin ɗan kasuwa ne. Guda nawa ake so, yaushe, da naira ko da dala, kwana nawa farashin zai tsaya, wa zai biya dako da kwastan har Kaduna. A nemi farashin guda 1 da na 10 da na 100. Wani lokaci wannan jerin ne zai nuna maka cewa zubi ko yanka a Panteka ko Kakuri ya fi araha nesa ba kusa ba.

Kafin ka aika, ba wani makaniki da bai san aikin ba ya karanta takardar. Duk tambayar da ya yi maka, rubuta amsarta a ciki.