Tsofaffin Gadojin Dutse Na Karkarar Kano Suna Neman Mai Kula

Matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta ko Bichi ba kasafai yakan lura da ƙananan gadojin dutse na zamanin En'e ba, waɗanda sabuwar kwalta ta kauce musu, aka bar su ga amalanke da masu jakuna.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, aka bukaci hanyoyin da mota za ta bi rani da damina. Talakawan ƙauyuka ne suka fasa duwatsun, suka ɗauko su a ka, sau da yawa a aikin tilas, magina suka jera su. Ta kan guminsu gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano ta ƙetare rafuka.

A yau zaizayar ƙasa da masu haƙar yashi suna cin gindinsu, wasu kuma na kwashe duwatsun don aza harsashin gida.

Gadar Lugard, wadda aka gina a Zungeru a 1904, daga baya aka mayar da ita Kaduna, tana cikin kayayyakin tarihi na ƙasa tun 1956. Tun da an adana gadar Gwamna, me zai hana a adana ta talakawa?

Kamata ya yi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta ƙidaya su, ɗalibai kuma su rubuta abin da dattawa suka ji daga iyayensu, tun kafin a rasa su duka.